Zangarniyar Kawu Manu da Sabon Windo

Ku ƙannena da ke tsayawa bakin shagona a Badariya kuna cewa, "Yaya Nasiru, ai aikin nan naka ba wuya, filas kawai kake sokawa a kwamfuta, ka danna nes, nes, finis," to ku matso. Yau an ɗauke wuta, ba mai jirana, wayata kuma cike take da caji. Bari in rubuta muku abin da ke bayan nes ɗin nan.

Da farko dai, mu nan duk abin da kwamfuta ke tashi da shi windo muke ce mishi, ko wa ya ƙera shi. Shi ne mai gida a cikin kwamfuta. Sauran manhajoji, ta rubutu, ta hoto, ta firinta, duk 'yan haya ne. Ranar da ka canza mai gida, wani ɗan haya zai zauna lafiya, wani zai kwashe kayanshi ya bar gidan, wani kuma zai zauna amma ya daina gaisawa da kowa. Sasanta waɗannan mutane shi ne sana'ata. Sokawar filas kuwa ko akuya ta iya, in an riƙe mata.

Wurin Oga Bello na koya, can bayan kasuwa. Na je da zumuɗi, ina ganin sati ɗaya ya ishe ni. Sai ya miƙo min tsohon buroshin haƙori da abin hura ƙura, ya nuna min tarin kwamfutoci a lungu. Na daɗe ina wannan aikin har tarina ya koma baƙi. Na fitar da gidan zanzaro daga cikin kwamfuta, na fitar da ɓawon gyaɗa, akwai wadda na buɗe na tarar ƙadangare ya rasu a kan fanka. Kayan aikin Oga Bello ba su da yawa: sukudireba mai mayen ƙarfe a baki, ɗan gwangwanin madara na zuba kusoshi, da jakar faya-fayai da yake ɗauka kamar jariri. Sai da ya ga na daina ɓatar da kusoshi sannan ya bar ni na taɓa kibod.

Wani malamin makaranta ne ya sa na gane dokar Oga ta farko. Ya kawo kwamfutarshi a canza windo, anka tambaye shi mi yake yi da ita, ya ce, "Rubutu kawai." Oga ya jawo mishi kujera, ya ce, "Malam, zauna ka yi rubutun in gani." Mutumin ya zauna, kafin a jima ya buɗe wata tsohuwar manhajar larabci mai sa wasali, wadda in ka canza windo sai haruffanta su rabu, kowane ya kama gabanshi. Da ita yake buga takardun jarrabawa, amma bai ga ta kai a faɗa ba. Bayan ya tafi Oga ya ce min, "Kar ka tambayi mutum mi yake yi da kwamfuta. Ka sa shi ya yi gabanka."

Doka ta biyu ta shafi had-dis, wato wannan ƙarfen mai nauyi, faɗin tafin hannu, da kwamfuta ke ajiye komai a ciki. Oga ba ya goge tsohon had-dis. Sai ya cire shi, ya sa wani, ya ɗora sabon windo a kan sabon. Tsohon kuma ya ƙulle a leda ya miƙa wa mai shi, ya ce, "Aje wanga wuri mai kyau. Ran da kuka ya tashi, shi za mu nema."

Shekarar da na buɗe nawa shago ita ce shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama. Ku kuna ganin manomi daban, mai kwamfuta daban. A garin nan in shinkafa ba ta yi ba, ba mai buga katin aure, ba mai sayen laftof wa ɗiyarshi da ke karatu a foli, ba mai gyara komai. Na yi ta zama ina kallon kabu-kabu na wucewa. Ana cikin haka kuma sabon windo ya fito da girman kai, ya ce shi ba ya hawa tsofaffin kwamfutoci. Mu kuwa duk garin tsofaffin muke da su, na hannu, waɗanda sunka gama aiki a wata ƙasa kafin su zo nan su sake sabon rai. Nan na koma wa Linuks. Shi wani windo ne na kyauta, ba shi da nauyi, bairos bai cika damunshi ba, kuma tsohuwar kwamfuta in ta same shi sai ta riƙa gudu kamar an yi mata albishir. Matsalarshi ɗaya: ba duk ɗan haya ke jin yarenshi ba.

To, aikin da nake son ba ku labari daga Argungu ya zo.

Ina da kawu can, Kawu Manu, yayan innata Kulu. Tela ne, yana da injin zubi na kwamfuta, irin wanda ke yi wa riga aiki a wuya da ƙirji. Kai ka sa filas mai ɗauke da zane a jikin injin, shi kuma ya yi ta sukar shadda har aikin ya fito. Abin da ya fitar da sunan Kawu wani zane ne da ake kira Zangarniya, kan shinkafa ne ya sunkuyo, ƙwaya-ƙwaya, kamar iska na kaɗa shi. Duk Argungu ba mai irinshi. In an tambayi Kawu inda yake samo zanenshi sai ya ce Kano yake aikawa a sayo mishi. In an yi zancen kwamfuta kuma ya kau da kai, ya ce, "Ni da wagga aba sai kallo."

Ɗanshi Atiku, taubashina, shi ke tsaye kan injin. Wata rana sai ga shi a shagona da kwamfutar shagonsu a cikin buhun shinkafa.

"Bawana, tashi ka yi wa ubangidanka aiki," in ji shi.

Na ce, "Ubangida da buhu a ka? Aje dai, kar wuyanka ya ƙara gajarta."

Ya ce Kawu ya tafi Zauro ta'aziyya, zai kwana biyu, shi kuma yana son kafin tsohon ya dawo a gyara kwamfutar, a ba shi mamaki. Ta cika nauyi, in ka kunna ta sai ka je ka sha shayi ka dawo. Bairos kuwa ya yi gari a ciki, don kowane kwastoma da filas ɗinshi yake zuwa nuna irin ɗinkin da yake so.

Na bi dokar Oga. Na jawo kujera, na ce ya yi aikin in gani. Ya buɗe hotunan riguna da suke nuna wa mutane, ya buɗe waƙoƙi, ya buɗe wasan kati. Ya ce shi ke nan. Na hango wata manhaja a lungu mai hoton allura, na danna, ta ce a saka makulli.

"Wannan fa?"

"Matacciya ce. Tun da anka sayo injin take nan, ba ta taɓa buɗewa ba."

Na cire tsohon had-dis, na sa sabo, na ɗora Linuks, na kwafe mishi duk fayilolinsu. Kwamfuta ta riƙa tashi kafin ka gama bismillah. Na ƙulle tsohon a leda na ba shi, na maimaita mishi kalaman Oga. Ya ce, "Na ji, malam bawa," ya jefa cikin buhu.

Ba a yi sati ba wayata ta yi ƙara da sassafe. Kawu ne. Ko gaisuwa bai tsaya amsawa ba.

"Ɗan Kulu, mi kay yi man?"

"Kawu, an kwana lafiya?"

"Ban kwana ba! Ka taho Argungu yanzu, ka hiddo man abin da kas sa cikin kwamhutata."

Na kwashi jakata na nufi tasha. Da na isa, na tarar da shagon cike da farar shadda an yanka an jera. Atiku na tsaye a lungu, ba bawana, ba komai. A hanya ya riga ya rubuto min abin da ake ciki: wani Alhaji dillalin albasa zai aurar da ɗanshi ranar Juma'a, ango da abokanshi duk Zangarniya za su sa. Kawu ya ba da kalma, shadda ta sha almakashi, kuma Alhajin ya gama gaya wa duk wanda ya sani. Saura aikin zubi kawai.

Kawu na zaune bakin teburin yanka, hannunshi riƙe da madanni, abin da tela ke ɗorawa kan yadi don kar ya motsa. An ɗinka wa madannin riga da ƙyallen shadda don kar ya ɓata farin kaya. Ya kore yaran shago, ya ce su je su ci abinci. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fiddo wani ɗan abu kamar filas, ɗaure da zare a jikin makullan gidanshi.

"Ina abin nan mai hoton allura?"

Na kalli Atiku. Atiku ya kalli rufin ɗaki.

Ashe manhajar nan ba matacciya ba ce. Makullinta ne ke aljihun Kawu. Kullum bayan sallar asuba, kafin kowa ya zo, sai ya buɗe shago ya soka makullin, ya zauna ya yi zanenshi da kanshi, ya daidaita girman aiki da girman mai riga, ya zuba a filas. Atiku ya zo ya tarar da filas kan injin, a ce mishi saƙon Kano ya iso. In an gama aikin kuma Kawu ya goge filas ɗin tas.

"Baba," in ji Atiku, "dama kai ka yi Zangarniya?"

"A'a, aljannu na."

"To ai kai ka ce daga Kano..."

"Kai kuma ka cika yarda da mutane." Ya buga madannin kan tebur, ƙwas. "Yaro nawa na koya ma ɗinki cikin garin ga? Duk wanda ya iya sai ya buɗe shago tsallaken hanya, shina kallona shina ɗinka aikina. In sun san zanen na cikin wagga aba, da tuni Zangarniya ta kai Kamba."

Na ce ya kwantar da hankali, fayilolinshi duk suna nan, na kwafe. Gaskiya ne suna nan. Amma ba mai buɗe su sai waccan manhajar, ita kuwa 'yar hayar tsohon windo ce. Na tambayi faifan da anka sa ta da shi, Kawu ya ce wanda ya sayar mishi da injin shi ya sa, kuma rabon da a ji ɗuriyarshi tun Atiku na firamare.

Linuks na da wani tafinta, manhajar da ke tsayawa tsakani ta fassara wa 'yan hayar windo. Na samo irin manhajar Kawu ta gwaji, na haɗa ta da tafinta. Ta buɗe, har Atiku ya fara murmushi. Na soka makulli. Ta ce a saka makulli. Na cire, na hura, na mayar. Ta ce a saka makulli. Tafinta ya iya gaisuwa, amma zancen makulli ya fi ƙarfinshi.

Na sake dabara. Cikin fayilolin na tsinci Zangarniya guda da aka riga aka shirya wa injin, amma ƙarama ce, ta aljihun kaftanin yaro. Na buɗe ta da wata manhajar kyauta, na ja ta ta yi girman ƙirjin babba. Abin da ke faruwa shi ne, in ka ja irin wannan, zane na girma amma yawan sukar allura ba ya ƙaruwa. Na sani, na dai ce a gwada kan ƙyalle. Injin ya yi ta ƙara, ya tsaya. Kawu ya ɗaga ƙyallen sama, ya juya shi hagu, ya juya dama.

"Atiku, ungo wanga ka kai ma innarka. Ɗan Kulu ya yi mata tsintsiya."

Ko ni sai da na yi dariya. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don a lokacin Alhajin albasa ya kira, na ji Kawu na cewa, "Ranka shi daɗe, aiki na tahiya, in sha Allahu."

Na ce, "Atiku, kawo ledar da na ba ka."

Ya buɗe durowa. Babu. Ya zazzage durowar ƙasa: maɓallai, alli, tsofaffin zif. Munka ɗaga buhunan ƙyalle, munka leƙa ƙarƙashin injin, munka duba bayan janareta. Atiku ya rantse cikin durowar ya sa. Ya fara zargin yaran shago sun sayar wa 'yan gwangwan. Kawu kuwa faɗa kawai yake, kowace magana da bugun tebur.

"Na bar shago lahiya lau!" Ƙwas. "Ba wanda ya ce ta yi nauyi sai ku!" Ƙwas. "Ni ina jiranta, ina ruwanku da jirana?" Ƙwas.

A bugu na ƙarshe ne na lura da abin da ke hannunshi. Faɗin tafin hannu. Kusurwa huɗu. Ta inda ɗinkin ƙyallen ya ɗan buɗe, ina hango haƙoran da ake soka waya.

Na ce, "Kawu."

"Mi?"

"Don girman Allah, kar ka ƙara bugawa. Aje abin nan a hankali, kamar ƙwai."

Ya kalli hannunshi. "Wanga? Cikin durowa na tsince shi, cikin leda. Tun da nike yanka ban taɓa samun madanni mai daɗin hannu awa shi ba. Da kaina na ɗinka mai riga."

"Zangarniya ce a ciki, Kawu."

Ban taɓa ganin dattijo ya sauke abu da ladabi irin na ranar ba. Hannu biyu ya sa. Atiku ya juya ya fuskanci bango, yana ƙunshe dariya.

Ku da ke cewa nes, nes, finis, ku sani cikin had-dis akwai faranti da ke juyawa, da wata 'yar allura da ke yawo a kanshi, tazararsu ba ta kai silin gashi ba. Faɗuwa ɗaya na iya kashe shi. Wannan kuwa ya kwana biyu yana shan tebur. Na farke rigar da reza, na mayar da shi cikin kwamfutar, na ce a tada janareta don kar a ɗauke wuta ana tsaka. Na kunna. Ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. Kawu ya cire hularshi ya riƙe. Ya sake ƙas, sannan na ji farantin ya ɗauki juyi. Tsohon windo ya fara tashi da nawarshi ta kullum, kuma ranar ba wanda ya ce ya yi nauyi.

Ban bar kowa ya taɓa ba. Had-dis da ya yi irin wannan ƙarar, ba ka san ko tashinshi na ƙarshe ke nan ba. Na raba sabon had-dis gida biyu, na kwafe tsohon gaba ɗayanshi zuwa ɗaki guda, windo da manhaja da komai, na bar Linuks a ɗayan. Kwafin ya yi ta rarrafe, ya tsaya, ya ci gaba. Munka yi azahar munka dawo yana nan yana yi. Da ya gama, na sake kunnawa, kwamfuta ta tambaya wane ɗaki za a shiga. Na zaɓi na Kawu, ya soka makulli, allura ta buɗe.

Ta nemi lambar sirri.

"Ku juya," in ji Kawu.

Munka juya muna kallon bango kamar 'yan makaranta. Da ya ce mu waiwayo, sai ga tsohon da ya ce shi da kwamfuta sai kallo, ya kama maus yana jan layi, yana ƙara ƙwaya nan, yana rage can, yana cewa ƙirjin angon nan faɗi gare shi, sai an saki kan shinkafar ya sunkuya sosai. Atiku ya saki baki. Kawu bai kore shi ba, ya dai yi kamar bai gan shi ba.

Anka sa ƙyalle. Injin ya kama suka. Wannan karon ƙwayoyin sunka fito cike, ɗaya bayan ɗaya, har kan ya sunkuyo. Kawu ya shafa da yatsa, ya mayar da hularshi, ya ce wa Atiku, "Ɗauko ta ango."

Na yi musu doka kafin in tafi: ɗakin Kawu ba intanet, ba filas ɗin kwastoma, filas ɗin injin kawai. Hotuna da waƙa da kati duk a ɗakin Linuks. Na kuma ce, "Kawu, yau da ƙarfen nan ya ƙi tashi, da Zangarniya ta tafi ke nan. Abu irin wanga bai kamata a ce mutum ɗaya ya san hanyarshi ba."

Ya miƙo hannu. Na ɗauka sallama ce, na miƙa nawa.

"Ba hannunka nike so ba. Ba ni madannina."

Na ba shi. Ai ya gama aikinshi na kwamfuta. Har yau shina kan teburin yanka, an sake mishi sabuwar riga. Telolin layin sun gani sun yaba, yanzu duk zuwana Argungu sai na cika leda da matattun had-dis.

Ranar Juma'a Atiku ya turo min hoton ango da abokanshi, shinkafa ta nuna a kowane ƙirji. Ƙarƙashin hoton ya rubuta, "Bawana ya yi ƙoƙari." Bayan kwana biyu ya kira ni, muryarshi duk barci. Ya ce Baba ya fara tada shi da asuba, ya zaunar da shi gefen kwamfuta, yana nuna mishi yadda ake jan layi. Lambar sirrin dai har yanzu in zai buga sai ya kifa hula kan kibod.

Tun daga nan dokokin Oga Bello sunka zama uku a shagona. In mutum ya gama aikinshi gabana, sai in tambaye shi wa ke buɗe shago da asuba.

Ga wuta nan sun kawo. Wanda ke son koyo a cikinku ya zo gobe da tsohuwar riga, buroshin na nan cikin gwangwani.